Kyautar Mataccen Batir

Ni ɗan Dakoro ne, garin da tabkinsa ba ya kai bazara, amma sana'ar da na iya a duniya ita ce haɗa wutar jirgin ruwa. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, ni ma in taya shi. Cin rani ne ya kai ni Gaya ta bakin kogi ina saurayi, na faɗa hannun wani mai manyan kwale-kwale masu inji, masu jigilar mutane da buhuna a kan kogi. A wurinsa na koyi aikin, kuma na so shi fiye da yadda na taɓa son noman gero.

Aikin ba shi da wuya in mutum ba mai gaggawa ba ne. A jirgi batura kashi biyu ne. Akwai na tada inji, shi kaɗai, ba a rataya masa komai. Akwai kuma na hidima, masu ba fitilu wuta, da famfon kwashe ruwa, da cajin salular fasinja. Tsakaninsu akwai babban makunni. In inji na aiki sai a haɗa su duka su sha caji, in an kashe inji a raba su, don kada fitila ta shanye wutar da za ta mai da ku gida. Jar waya ke kai wuta, baƙa ta dawo da ita, kuma kowace jar waya da fizibil ɗinta kusa da batir, wanda zai ƙone kafin jirgi ya ƙone. Doka guda maigidana yake faɗa da tsawa: kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya. Tsohon ba ya riƙe wuta, sai ya yi ta tsotsar sababbin har ya mai da su irinsa.

Ina cikin wannan rayuwa ƙanwata ta kira ni. Innarmu na da ciwon sukari, allurarta kuwa ba ta son zafi. Gidanmu yana bakin gari, inda turakun wuta ba su kai ba, don haka a tulu ake ajiye maganin, a binne gindin tulun cikin jiƙaƙƙen yashi. A bazarar nan dabarar ta kasa, maganin ya lalace, Inna ta kwana biyu a asibiti. Na nemi izini wurin maigidana. Ya ce in tafi, gurbina na nan har kogi ya cika. In kogi ya cika bai gan ni ba, zai ɗauki wani, kuma kada in ga laifinsa.

Na biyo ta Maradi na sayi faranti mai shan rana, da sababbin batura biyu masu girma ɗaya, da ƙaramin firigo na sanyaya maganin. Na shirya wutar gidanmu kamar ina cikin jirgi. Na haɗa baturan ja da ja, baƙi da baƙi, da gajerun wayoyi masu kauri, na shafa wa kawunansu mai, na ɗora su a kan katako a zaure. Firigo na ba shi layinsa, fitilu da cajin salula nasu daban. Da yamma Inna ta buɗe firigon ta sa hannu, ta ji sanyi, ta yi ta sa mini albarka. Na ce wa ƙanwata a tsakar gida, da ƙarfi kuwa don ina jin daɗi, aiki ya ƙare, kasuwa mai zuwa zan kama hanya.

Ba a kai ga kasuwar ba sai ga Alhaji. Aminin Baba ne tun ƙuruciya, tsohon direban babbar mota, kullum bayan la'asar yana kan tabarmar zaurenmu. Ranar nan ya zo da amalanken jaki, a kai an ɗora wani ƙaton batir da ya yi fari da gishiri, gefensa ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci wake. Ya sa aka sauke shi gaban Baba.

"Na ji ɗanmu ya kawo wuta gida," in ji shi. "Ga tawa gudummawa. Wanga batir har Agadas ya kai ni ya maido."

Baba ya yi godiya, ya dube ni. "To, ka gama shi da sauran."

Na duƙa na ce, "Baba, bari in duba shi tukuna."

"Mi za ka duba? Alhaji na zamne, ka gama shi ya gani."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana ni magana. A gaban baƙo ba a musa wa uba, balle a ce wa dattijo kyautarsa matacciya ce. Na ɗauko sifana na haɗa shi cikin haushi, Alhaji kuwa yana ta ba da labarin hanyar Agadas.

Da safe firigo ya yi tsit. Na taɓa kwalaben maganin, sun fara ɗumi. Na zare mataccen, na tsaya a kan baturan har rana ta ɗaga suka farfaɗo. Sannan na sami Baba shi kaɗai yana gyaran igiyar rago, na yi masa bayani dalla-dalla, har da misalin tulu mai huda da aka haɗa da tuluna masu kyau. Ya saurara bai ɗago kai ba.

"Ba a maida ma amini kyautarshi," ya ce. "Kai ka san aikin, ka san yadda za ka yi."

Na san yadda zan yi ɗin, shi ne abin takaicin. Na sayo babban makunni irin na jirgi, na ɓoye shi a bayan katako. A ido batirin Alhaji yana haɗe da 'yan'uwansa, amma a gaskiya a ware yake. Na ɗauka na huta. Ashe Alhaji yana da rediyo, kuma ya ga babu inda ya dace ya maƙala ta sai a kan batirinsa. In ta yi shiru zai gane. Dole kullum da tsakar rana, lokacin da sababbin suka cika, in murɗa makunnin in ba mataccen ɗan abin da zai riƙe rediyo, kafin la'asar in raba su. In na makara da rabawa, maganin Inna ne zai biya. In na manta da haɗawa, mutuncin Baba ne.

Haka kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Ba na nisa da gida. Abokaina suka gayyace ni suna a Sabon Maci, na ce ba hali, suka ce wai na auri batir ne. Damina ta sauka, aka yi shuka, ni da na guje wa hauya na koma riƙe ta, ina noma ina duban rana don kada lokacin makunni ya wuce ni. Ranar da hadari ya rufe sama, faranti ba ya samun abin kirki, sai in wuni ina zagaye zaure kamar akuyar da aka ɗaure gajere. Abokan aikina na Gaya suna turo mini hotunan kogi, ina ganin ruwa yana hawa matakalar mashaya. Na tsani batirin nan, na tsani rediyon, har Alhaji na fara jin nauyin gaishe shi, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro.

Ƙanwata ce ta gaji da ganin fuskata. Tana aure a bayan gidanmu, ita ke zuwa safe da yamma tana yi wa Inna allura. Wata rana ta same ni durƙushe a bayan katako.

"Yaya, wai mi kake ɓoyo nan kullum kamar mai kiwon aljani?"

Na nuna mata. Ta murɗa makunnin hagu, ta murɗa dama, ta tambaye ni me za ta yi ranar hadari, na ce kada ta haɗa ko kaɗan, ta ce wa Alhaji tashar ce ta ɗauke. Ta kwashe da dariya.

"Wanga ne ya hana ka tahiya? Ni da ke soka ma Inna allura, murɗa ƙarhe zai gagare ni? Tahi abinka, kahin ka tsuhwa a zaure."

Na bar mata aikin na 'yan kwanaki ina kallo daga nesa, ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya. Na kira maigidana, ya ce kogi ya kusa, in yi sauri. Na wanke kayana, na haɗa jaka, na je tasha na tambayi motar Maradi ta safe. A hanyar dawowa har waƙa nake yi.

Bayan la'asar, da Alhaji ya naɗe rediyonsa ya tafi, na zauna gefen tabarmar Baba na ce masa gobe zan koma. Na gaya masa ƙanwata ta iya komai, firigo ba zai tsaya ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya nuna katakon da haɓa.

"Kahin ka tahi, ka ɗebe batirin can. Kada ka bar ma yarinya wahala."

"Alhaji hwa, Baba?"

"Alhaji ya san matacce ne. Ya daɗe bayan ɗakinshi kaji na kwana bisa. Ni na ce ya kawo."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Duk ranakun da na yi ina gadi, duk sunan da ban je ba, da safiyar da na taɓa kwalaben Inna na ji ɗumi, suka dawo mini lokaci guda. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, amma ranar saura kaɗan.

"Don mi, Baba?"

"Na ji kana hwaɗa ma ƙanwarka aiki ya ƙare." Ya gyara zama, idonsa na kan carbi. "Na ce ko aikin ya ƙara tsawo kaɗan. Ban san zai taɓa maganin uwarka ba, wallahi ban sani ba. Da na sani kuma, kunya ta hana ni hwaɗi." Sannan ya ce, "Tunda ka tahi Gaya, ban ci tuwo da ɗana ba sai bana."

Baba bai taɓa roƙona komai ba. Mutum ne da in yana jin ƙishirwa, ya gwammace ya tashi da ciwon gwiwarsa da ya ce a miƙo masa ruwa. Na dube shi sosai a karon farko tun zuwana, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Haushin bai tafi ba, amma ya rasa inda zai sauka.

"Ka tahi," ya ce. "Allah shi kiyaye hanya. Na yahe maka, kai ma ka yahe mini."

Da ya hana ni ne, da na san yadda zan yi. Da na kai ƙara wurin Inna, na sa kawunai sun yi masa magana, na tafi da fushina. Amma ya sake ni, kuma ban ga ta inda zan bi in fita ba.

Na tashi na kwance wayoyin mataccen batir, na cire makunnin, na ɗaure sababbin biyu yadda suke tun farko. Na ɗauki ƙaton na kai bayan gida na ajiye. Daga nan na fita ƙofar gida, inda salula ke kamawa, na kira maigidana. Yana kan ruwa, ina jin ƙarar inji a bayansa da hayaniyar masu lodi, har na gane wane jirgi ne. Na ce masa ya ba wani gurbina.

"Kai!" ya ce. "Wutar gidan ce ba ta ƙare ba har yanzu?"

Na ce, "Ta ƙare, maigida."