Rijiyar Hajiya da Muka Ji Nauyin Taɓawa

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke ƙasar Kurmin Kogi, mu uku a kan babura biyu: ni, da ƙanin mai unguwa, da wani dattijon Bafulatani da ke magana da yawun rugagen bayan gari. Ruwa ne ya fitar da mu. Rijiyar burtsatsenmu mai aiki da sola ta tsaya tun tsakiyar damina. Ga kaka ta shigo, rafi ya fara ja da baya. Na san abin da ke biyo bayan wannan. Kafin a haƙa rijiyar nan na binne 'ya'ya biyu, amai da gudawa. Yanzu jikoki gare ni.

Wani Alhaji mai sayen hatsi a Makarfi ne ya haƙa ta, sadaka ga mahaifiyarsa, 'yar garinmu, Allah Ya jiƙanta. Rijiyar Hajiya muke ce mata. Da ta lalace ba wanda ya sa hannu. Dattawa suka ce sadakar mamaci ce, in muka gyara da aljihunmu mun kutsa cikin ladan da ba namu ba, kuma mun nuna wa duniya Alhaji ya gaza. Sai a jira shi. Muka yi ta jira, wayarsa ba ta shiga. Mata suka koma rafi.

Hanyar Ikara damina ta cinye gefenta. Inda ruwa ya yanke ta, mutane sun jera duwatsu, kowa ya sauka ya tura. Hagu da dama dawa ta sunkuya, barkono a shanye kan duwatsu jawur. A bakin tashar Ikara muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Bafulatanin ya ɗaga ɗaya yana dubawa, ya ce ko dai ita ma ba ta samun ruwa.

Aka nuna mana wani ofis da aka ce yana kula da harkar ruwa. Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu kujera. Ya ce bai san da zaman rijiyarmu ba, don ba a taɓa miƙa musu ita ba. Ya tambaye mu wa ke kula da ita. Muka dubi juna. Ƙanin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa." Jami'in ya ce mu fara ganin mai ita tukuna.

Daga nan muka bi ta Gubuchi. Ƙasar rake ce. Gona bayan gona, ganye ya fi mutum tsawo, ƙamshin mazarƙwaila na tashi daga inda ake dafa ta. A hanyar na ga tankunan ruwa irin namu a sama kan ƙarfe, wasu da allo mai hoton wanda ya gina. Ban yi boko ba, ban san me aka rubuta ba. Amma na san busasshen famfo in na gan shi. Wani har akuya ta mayar da gindinsa wurin kwana.

Mun isa Makarfi rana ta take. Gidan Alhaji ba wuyar nema, sai dai ba motocin hatsi a ƙofa kamar da. Babban ɗansa ya shiga da mu. Ashe ɓarin jikin Alhaji ya shanye tun bara. Yana kwance, bakinsa a karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Muka gaisa, muka yi masa sannu, muka daɗe muna kewaye-kewaye. Ni ban iya kewaye ba. Na ce, "Alhaji, rijiyar Hajiya ta tsaya."

Ya tambaya tun yaushe. Na faɗa masa. Ya tambaya me ya hana a gyara. Ƙanin mai unguwa ya yi bayanin dattawa, yana sunkuyar da kai, yana ganin girmamawa ya kawo.

Alhaji ya rufe ido. Hawaye ya bi gefen da ya shanye. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da ɗan ya matsa kusa ya maimaita mana.

"Baba ya ce ladan ai a cikin shan ruwan yake. Ya ce tun damina kun tsayar wa uwarsa da lada."

An kawo mana tuwo, muka ci kaɗan don kada a ce mun ƙi. Ɗan ya ce su yanzu magani ya cinye su, amma mai gyaran da ya haɗa injin yana wani ƙauye a ƙasar Kudan. Ya kwatanta mana.

Hanyar Kudan ta fi daɗi, akwai kwalta har wani wuri. Masu noman rani sun fara gyaran fadama, ana dashen tumatir. Abu na farko da muka gani a ƙauyen shi ne layin jarkoki, da ruwa yana zuba. An ce rijiyarsu ta girmi tamu. Wata mata mai goyo ce ke goge farantan sola da tsumma, ta ce wannan makon na unguwarsu ne. In an yi girbi kowane gida na zuba mudun hatsi a rumbun rijiya, makiyaya su ma suna kawo nasu. Lokacin gyara a ciki ake ɗiba.

Mai gyaran mutum ne gajere, ba fara'a. Muka shirya da shi nan take, halinmu ɗaya. Ya ce zai zo, amma da sharaɗi.

"Baba, ba na gyara ni kaɗai. Kowace unguwa ta ba ni mutum, da mace a ciki, da mutum ɗaya daga ruga. Su za su riƙe sifana, ni baki zan sa. In ba haka ba, baɗi ma za ku ƙone mai ku zo nemana, wataƙila ku tarar da ni yadda kuka tarar da Alhaji."

Bafulatanin ya ce shi saniya ya iya riƙewa. Mai gyaran ya ce sifana ba ta harbi.

Mun dawo gida kafin magariba, ƙura har cikin kunne. Washegari bayan la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Ban yi dogon jawabi ba. Na maimaita abin da Alhaji ya faɗa, yadda ya faɗa. Dattijon da ya fi kowa hanawa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a rubuta gidansa a farkon masu mudu.

Mai gyaran ya zo. Matar ɗana ce ta tsaya wa unguwarmu, ita ta kwance murfin da muka yi wata da watanni muna jin nauyin taɓawa. Ita da sauran wakilan sun sha rana suna jawo bututu, mai gyaran yana tsaye hannu a baya yana faɗa. Da ruwan ya zo, ja ne da farko, sannan ya washe. Mun kuma aika wa jami'in Ikara cewa yanzu in ya tambaya wa ke kula da ita, akwai sunaye.

Abin da na gani a tafiyar nan kaɗan ne. Masu ginawa suna da yawa a ƙasar nan, hanya cike take da aikinsu. Masu riƙewa ne babu. Mai bayarwa yana tsufa, yana ciwo, yana mutuwa. In ba a bar mutanen da suka san aikin ba, da tsarin da zai ci gaba ko ba shi, ƙarfe kawai aka bari.

Allon da ke ɗauke da sunan Hajiya a jikin tankinmu yana nan, ba mu cire ba. Na cika galan ɗaya daga ruwan farko da ya washe, na ba direban da ke zuwa Makarfi ya kai wa Alhaji. Na ce a gaya masa an ci gaba da sha.