Takardar Wata Uku ta Hammajoda Duba-gari

Malam Hammajoda Bakari, Allah ya haskaka kabarinsa, ya yi shekara talatin da biyu yana aikin duba-gari a cikin Bauchi. Duk wanda ya zauna da shi a majalisar ƙofar shagon Ya'u tela ya ji shi yana cewa a tsawon rayuwarsa mutum ɗaya tak ya taɓa kamawa da kyau, shi ne kansa. Yakan faɗi haka yana dariya har tari ya sarƙe shi. Mu da muka tsufa tare da shi mun san rabin dariyar nan ciwo ce.

A wata ruga bayan Miri aka haife shi. Ubansa makiyayi ne, uwarsa kuma kullum tana ɗauko ƙwaryar nono a ka ta shigo gari. Shi da bakinsa yake cewa ba don ƙwaƙwalwa aka kai shi boko ba, shanu ne suka ƙi shi. In ya kora su gabas sai su yi yamma, in ya yi musu tsawa sai su tsaya suna kallonsa suna tuƙa. Da uban ya gaji sai ya miƙa shi makaranta, daga nan ya wuce makarantar koyon aikin tsafta, ya fito da kaki da hula da keke. Dogo ne siriri, in ya leƙa randar gidan mutane da tocilarsa sai ka ce zai faɗa ciki.

Yana da shekara huɗu a aiki aka yi wata damina da amai da gudawa ya shigo gari. Hammajoda ya ɗauki gawa da hannunsa a wannan shekarar har ya daina tuna ko nawa ne. Bayan abin ya lafa, ofishinsu ya kafa kwamiti don a yi doka a kan masu sayar da abinci, aka sa shi a ciki ba don komai ba sai don rubutunsa yana da kyau. Aka amince duk mai sayar da masa ko fura ko shinkafa sai an gwada lafiyarsa an ba shi takardar shaida. Sai gardama ta tashi a kan tsawon lokacin da takardar za ta yi aiki. Likita ya ce shekara, wani ya ce wata shida. Hammajoda, wanda babu wanda ya tambaye shi, ya yi gyaran murya ya ce wata uku, kuma a fara ƙirgawa daga ranar da aka ɗebi jinin mutum, tunda mai lafiya yau yana iya kwasar cuta gobe. Ranar Juma'a ce, shugaban kwamiti yana ta duba agogo kada a ta da salla, sai ya ce a rubuta hakan.

"Da Laraba ce," in ji Hammajoda daga baya, "da an ce mini yi shiru, yaro, da duniya ta huta."

A gaskiya dokar ba ta da aibi a lokacin. Ɗakin gwaji da likita da mai hatimi duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Mace ta zo Litinin, Laraba ta tafi da takardarta. Amma shekaru suka yi ta wucewa, gwamnatoci suka yi ta sauyawa, aka rarraba ofishin. Gwaji ya koma asibiti, likitan da ke sa hannu ya koma wani gini, aka ƙirƙiro hatimin haraji a can wani gefen gari, a ƙarshe kuma sai darakta ya sa hannu. Duk shugaban da ya zo sai ya ƙara tebur ɗaya, babu wanda ya taɓa rage ko ɗaya. Takardar da ake yi a kwana uku ta koma cin wata huɗu, alhali har yanzu ranta wata uku ne daga ranar gwaji. Ma'ana, kowace takarda a mace take isa hannun mai ita.

Hammajoda bai san haka ba, domin shi kwanan wata kawai yake dubawa. Ya rufe rumfunan masa a Wunti, ya tuntsurar da ƙore cikin kwata a bakin tasha. In mace ta rantse jiya aka ba ta takardar, sai ya ce shi ba baki yake saurare ba, takarda yake karantawa, ya tafi yana mamakin yadda mutane ba sa jin kunyar ƙarya. Akwai ranar da wata dattijuwa mai tallan nono daga wajen Miri ta yi masa magana da Fulatanci, ta ce tare suke shigowa gari da uwarsa a da. Ya amsa mata da Hausa, ya zubar da nonon. Wannan labarin kaɗai ne yake bayarwa ba ya dariya.

Da ya yi ritaya, matarsa Sauda ta fito da burin da ta daɗe tana ɓoyewa. 'Ya'ya sun girma, autarsu Radiyya ta yi aure, ita kuma ta gaji da zaman tsakar gida. Ta sayar da shanu biyu da ta gada a wajen ubanta, ta sayi firiza da injin dama fura, ta kama shago a hanyar Gubi, daidai inda keke mai ƙafa uku ke sauke ɗaliban jami'a. Da ta yi maganar takardar shaida, Hammajoda ya buga ƙirji ya ce ta bar masa wannan, ai shi ya haifi dokar. A majalisa ya ce mako ɗaya ya isa. Ya'u, wanda Babarbare ne kuma bai taɓa barin Bafulatani ya sha iska ba, ya ce wanda maraƙi ya raina ba shi zai juya darakta ba.

Ya kai Sauda aka ɗebi jininta. Wata huɗu da kwana tara bayan haka aka miƙo masa takardar ta taga. Ya duba kwanan watan, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Magatakardan ya ce ai sai dai a sake daga farko, haka doka ta ce. Karo na biyu Hammajoda ya bi fayil ɗin da ƙafarsa daga tebur zuwa tebur, yana tuna wa mutane cewa shi ya sa hannu a takardar ɗaukarsu aiki. Likita ya tafi hutu, mai hatimi ya rasa tawada, darakta yana wajen taro a Jos. Wata uku da kwana goma sha shida. Ya dawo majalisa ya ce ya samu ci gaba, wannan karon gawar da ɗuminta aka ba shi.

Sauda ba ta jira ba, don haya tana tafiya kuma nono ba ya jiran kowa. Ta buɗe shago, ɗalibai suka yi mata ca. Ana haka wata safiya sai ga Musaddiq, jami'in da ke kula da wannan hanyar, mutumin da Hammajoda ya koya wa riƙon tocila shekara ashirin da suka wuce. Ya durƙusa ya gaida su, ya karɓi takardar ya duba, ya mayar wa Sauda yana murmushi. Ya ce kada Baba ya damu, ai kowa haka yake, babu mai takarda mai rai a duk hanyar nan. Ƙarshen wata akan zagaya, a ba yara na goro, shi ke nan. Shi kuwa ko goron ba zai karɓa a wajen Mama ba.

Hammajoda ya tambaye shi mutum nawa ne cikin masu abincin hanyar suka yi gwaji bana. Musaddiq ya sosa ƙeya ya ce gaskiya mutane sun daina zuwa tun tuni. Wa zai je a soke shi da allura a kan takardar da ba za ta hana a tare shi ba?

Hammajoda ya daɗe yana kallon layin rumfunan da ɗalibai ke cin abinci a ciki. Dokar da ya yi don kada a sake ɗaukar gawa ita ce ta kori mutane daga ɗakin gwaji. Sai ya juyo ya ce, "Musaddiq, ina kwaɗonka? Rufe shagon nan."

Musaddiq ya roƙe shi, ya ƙi. Sauda ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, shanun ubana ne a cikin ɗakin nan." Ya ce ya sani, kuma in Allah ya so da takarda mai rai za ta sake buɗe shi. Daga baya yakan ce kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne zalla, rabi girman kai ne, ba zai iya zama yaron da ya rena yana kawar masa da kai ba.

Mako guda Sauda ba ta ba shi komai ba sai nonon da aka kwaso daga firiza, safe da rana da yamma. Ragowar ya kawo majalisa. Muka taya shi jaje sosai, muka shanye, har da mai neman ƙarin sukari. Daga nan Sauda ta fara sayar wa maƙwabta fura ta ƙofar baya, duba-garin da ke hango tsutsa a gindin randa kuma bai taɓa ganin komai ba. Mai shagon da take haya ya aiko cewa in ba a buɗe ba zuwa bayan Babbar Salla, zai ba wani mai cajin waya.

Hammajoda ya koma rubuta wasiƙu da kyakkyawan rubutun nan nasa da ya jawo masa. Ya rubuta goma sha ɗaya, duk suka bi ta teburan da yake kuka da su. Wadda ta taimake shi ita ce Madam Eunice, sakatariyar darakta, wadda ta gaji da ganin dattijo a tsaye a baranda. Ta gaya masa an kafa kwamitin duba tsofaffin dokokin ƙananan 'yan kasuwa, ta sa sunansa cikin masu magana.

Ranar zaman, shugabannin 'yan kasuwa suka ce a soke takardar gaba ɗaya. Ma'aikata suka ce a bar ta, a ma ƙara kati mai hoto. Da aka kira Hammajoda sai ya miƙe ya cire hula ya ce, "Ranku ya daɗe, in kuna neman wawan da ya ce wata uku, ga shi a gabanku." Ɗaki ya yi dariya. Ya juya wajen 'yan kasuwa ya ce kada a soke gwaji, shi ya san warin shekarar da babu gwaji. Ya juya wajen ma'aikata ya ce dokar da mai gaskiya ba zai iya cika ta ba, ba ta tsare kowa, sai dai ta koya wa mutane ba da goro. Ya roƙi a fara ƙirga daga ranar da takarda ta shiga hannun mai ita, a mai da ita wata shida, a cire duk teburin da ba ya duba lafiyar mutum ko tsaftar shagonsa. Sannan cikin ladabi ya tambayi darakta me yake dubawa kafin ya sa hannu. Darakta, Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya, ya ce yana duba ko sauran sun sa.

Ba duka aka ba shi ba. An karɓi wata shida, an karɓi ƙirga daga ranar karɓa, an cire sa hannun darakta. Hatimin haraji ya zauna inda yake a can gefen gari. Sanarwar ma sai da ta yi watanni kafin ta fito, Hammajoda yana ta kallon watan Babbar Salla yana matsowa. Da ta fito aka sake ɗibar jinin Sauda, saura kwana goma sha biyu wa'adin mai shago ya cika ya shigo gida da takardar shaida, ya miƙa wa Sauda da hannu biyu. Ta sa ya karanta mata kwanan watan sau biyu, sannan ta tashi ta ɗora masa tuwo da miyar kuka da man shanu.

Wata biyu ya samu yana zama a ƙofar shagon, yana wanke kofuna yana damun ɗalibai da zancen wanke hannu. Wata Alhamis bayan la'asar hawan jini ya kada shi yana alwala, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mu muka wanke shi. Bai da nauyi ko kaɗan.

Sauda ta shiga takaba, shago ya sake rufuwa, takardar kuma ta ƙare kafin ta fita. Muka yi shawara a majalisa cewa mu za mu yi mata zirga-zirgar, ko mu rage kunyar nonon da muka sha. Ya'u ya je ya gaya mata. Ta yi godiya, ta ce da ƙafarta za ta je, tana so ta ga abin da Malam ya rufe mata shago a kansa. Litinin aka ɗebi jininta. Talatar mako na gaba ta dawo gida da takarda a jaka, Laraba da hantsi ta buɗe shagonta.

Allah ya yafe wa Hammajoda abin da ya zubar bisa rashin sani, ya karɓi abin da ya gyara.