Famfon da Radoje ya tura ƙarƙashin gado

Radoje ya tsufa a masana'antar motoci, kuma duk unguwarsu a garin Kragujevac an san shi da magana ɗaya: namiji ba ya sayen abin da hannunsa zai iya haɗawa. Shi ya sa da 'yarsa Jasna ta kawo masa famfon mai da ya fi na motarsa ƙarfi, haɗaɗɗe cikin kwali, sai ya tura shi ƙarƙashin gado.

"Baba, ɗaurawa kawai za ka yi," in ji ta.

"Ni? Kayan ragwaye? Allah ya sawwaƙe."

Ya sayo kayan ɗai-ɗai ya haɗa nasa, amma robar da ya sa ba ta jure zama cikin fetur.

Ranar auren ɗan amininsa shi ne babban shaida, don haka motarsa ce a gaban ayarin biki, da farin tawul ɗaure a madubi bisa al'adarsu. A tsakiyar gada ta yi tari ta mutu. Makaɗa suka sauko suna turawa, amarya tana leƙe.

Wani ya ɗaga murya, "Kawu Radoje, a nemo maka doki?" Jama'a suka kwashe da dariya.

Washegari ya kulle kansa a gareji, ya ɗaura na kwalin. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Yanzu maƙwabcinsa Milisav yakan cika masa kofi da barasarsu da ake kira rakiya yana cewa, "Kai, hannunka daban ne! Ina na kanti zai yi wannan?"

Radoje sai ya ƙura wa kofin ido. Jasna kuwa ba ta taɓa tambayar inda kwalin ya shiga ba, kuma shirunta ya fi dariyar kan gada ci masa rai.