Mastura da Katin Kyanwa

Faɗanmu na farko da Mastura a kan kyanwa ne. Ita ke kula da mu a gidan tsofaffi na unguwar Bagdadiyya. Ɗakinmu ɗaya da Juwairiyya, makauniya, wadda ta daina cin abinci tun da aka raba ta da kyanwarta. Na sa tsohuwar maƙwabciyarta, Hind, ta kawo kyanwar a kwando. Mastura ta tare ƙofa.

"Hajja, ba za ta shiga ba. Sai da katin rigakafi, a yanke mata farce, kowa ya wanke hannu."

"Kati? Iƙama za a yi mata ita ma, takardar zaman ƙasa irin tamu ta baƙi? Wa ke kafilinta da zai tsaya mata?"

Ko murmushi ba ta yi ba. A unguwar Khumra aka haife ta, ubanta Bahaushen Sudan ne mai gadin sito. Ta tashi tana ganin uwarta na ɓuya bayan ƙofa don rashin takarda, shi ya sa ba ta wasa da abin da aka rubuta. Ta ce akwai masu ciwon suga a gidan, yaƙushi ɗaya na iya cin ƙafar mutum. Gaskiyarta, amma ban faɗa mata ba.

Ranar hutunta ta kai kyanwar har unguwar Abhur wajen likitan dabbobi, ta dawo da kati, hannunta duk yaƙushi. Sai shugaban gidan ya ce a doka dabba iyakarta tsakar gida. Mu kuwa a sama muke, Juwairiyya ba ta tafiya, keken guragu ba ya sauka matakala. Mutumin da bai taɓa leƙa ɗakinmu ba!

Mastura ta karanta dokar sau biyu, ta ce ba inda aka hana goyo. Ta ɗaura zani, ta goya tsohuwar ta sauko da ita. A ranar, Juwairiyya ta sha kunu, kyanwa a cinyarta.

Kowace Alhamis haka, wata huɗu, har ciwon baya ya kama Mastura. Shugaban bai taɓa dokar ba, Mastura ya mayar wani gidan da babu ɗaukar mutane. Da ta zo sallama tana ɗingishi, ta ce, "Hajja, wa zai sauko da ita?"

Na ce, "Bar min katin, 'yar nan. Alhamis ofishinsa zan kai kyanwar. Ko ya buɗe mata ɗakinmu, ko ya ɗaura zani."