Ranar da Baba Ya Faɗi Sunana

Ina tsakar gidana da hantsi ina matsar man gyaɗa, sai na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ƙanena Habibu ne ya shigo. Bai yi min tsiyar da ya saba ba, bai kuma kai hannu cikin farantin ƙuli ba. Ya tsaya kusa da turmi ya ce, "Yaya, ɗauko hijabinki." Na ce, Inna ce? Ya girgiza kai. "Baba ne. Ya faɗi a gona yana ɗaurin dawa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau bayan babur ɗin da maiƙo a hannuna, ban tuna da wankewa ba sai da muka isa gida na kama hannun Inna.

Sunan mahaifinmu Malam Isiyaku. Manomi ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Minjibir, a nan aka haife shi, a nan aka binne shi. Ya bar Inna da mu 'ya'yansa, maza biyu da mata huɗu, biyun ƙarshe ba su gama makaranta ba. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma saboda wannan, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Alkunya ce irin ta iyayenmu. In zai kira ni sai ya ce, "Ke wannan." In yana maganata da Inna sai ya ce, "Yarinyar nan ta zo kuwa?" har bayan na haifi 'ya'ya uku. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Amma in ya ƙwala wa Habibu kira daga bakin gona, ko ya ce "Nasiru, kawo min buta," nakan ji wani abu kaɗan a raina.

Gonarsa ɗaya ce, ta bayan gida, mai bishiyar ɗorawa a tsakiya da shingen lalle ta gabas. A wajenmu gona ba ta hutawa, kuma ba ta da faɗi. Da rani yakan yi ta jigilar taki a amalanke har sai ya rufe ta lungu-lungu, da damina ya shuka gero da dawa, ya ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Yakan tsaya a gindin ɗorawar ya nuna mana da sanda. "Daga can wajen rijiya har bakin burtali duk ta kakana ce. Kowace mutuwa sai an yanke ta. Yanzu ga abin da ya iso gare ni. In aka sake yankawa, kowa zai samu wurin shimfiɗa tabarma ne kawai."

Mutum ne da ba ya son a gyara magana ta fi yadda take. Ina ƙarama ya aike ni da gero wajen wata mai koko, na ga geron da ke ƙasan buhu ya ɗan yi ƙwari, na ɗebo mai kyau na rufe saman kwaryar da shi. Ya kira ni, ya sa hannu ya juya geron, na ƙasa ya dawo sama. Bai dake ni ba. Ya ce, "Kai mata haka. In ta ga dama ta saya, in ba ta ga dama ba ki dawo da shi mu ci." Da na fara sana'ar mai da ƙuli a gidan aurena, duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga kwalbar man ya duba ta a rana, sannan ya ajiye. Na san abin da yake dubawa.

Shekarun baya ya fara yawan ciwon kai da jiri. Inna ta matsa masa har ya je asibiti, aka ce hawan jini ne. Ya riƙa shan ƙwaya, Inna ta rage gishiri a miya, yana ƙorafi yana ci. Amma a waje, in aka ce masa, "Malam, ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," kamar kowa. A wajenmu ko mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, in ka gaishe shi zai ce da sauƙi. Faɗar ciwo ga baƙo kamar rashin godiya ne ga Allah, kuma namiji ba ya son a ji rauninsa.

Ana haka ƙungiyar manoman garinmu ta kawo wani ma'aikacin takaful, wato inshora irin ta Musulunci. Mutane suna zuba wani abu a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, in ɗayansu ya rasu a ba iyalinsa daga ciki. Abin da ya ja hankalin mazan garin shi ne ba a zuwa asibiti. Ba likita, ba ɗibar jini, ba awo. Tambayoyi kawai za a yi maka game da lafiyarka, ka amsa da bakinka. Kowa aka kira shi shi kaɗai a zauren mai unguwa. Wasu sun ƙi, suka ce wannan ai kiran mutuwa ne. Baba bai shiga ba sai da ya zauna da liman ya gamsu. Da Inna ta ce masa ita abin bai kwanta mata ba, ya ce, "Kowace kaka ina zuba hatsi a rumbu, ban taɓa jin kin ce na rasa tawakkali ba." Daga nan duk kaka in ya sayar da gyaɗa sai ya kai nasa. Bai ƙara tayar da maganar a gida ba, mu ma muka manta.

Bayan addu'ar bakwai aka fara maganar gado. Ban da gida da amalanke da tumaki, gonar ce kawai dukiyar. Nasiru yana tuƙa adaidaita sahu a Kano, ta wani ce, yana da mata da yara, ya daɗe yana son tasa. Ban ga laifinsa ba da ya ce a sayar a raba. Wani mai buga bulo ma ya riga ya aiko yana tambaya. Habibu, wanda ya yi noma da Baba tun yana yaro, ya tashi ya bar zauren. Inna tana ɗaki cikin takaba, ga shi kuwa daga wannan gonar take ci, daga ita ƙannena mata suke ci.

Baffa Audu, ƙanen Baba, shi ya tuna da takaful ɗin, don shi ma ya shiga. Ya ce in kuɗin suka fito, za a iya ba masu son kasonsu a hannu, gona ta zauna yadda take. Aka buga waya, aka ce ma'aikacin zai zo, kuma ni zai gani, don ni Baba ya sa a matsayin wadda za ta karɓa a madadin magada. Kowa ya yi mamaki, har ni. Ga maza biyu.

Ana gobe zai zo Baffa ya kira ni bayan rumbu, ya rage murya.

"Rakiya, ki saurare ni. In ya tambaye ki abin da ya kashe Yaya, ki ce zazzaɓi ne na kwana biyu."

Na ce, "Baffa, ai ba zazzaɓi ba ne."

"Na sani! Ni ma ai na sani. Amma ranar da aka yi mana tambayoyin nan, duk garin nan lafiya lau muka ce. Me za mu ce wa baƙo? In suka ji hawan jini, za su ce ya ɓoye musu, ko sisi ba za su bayar ba. Bai mutu a asibiti ba, ba wata takarda. Bakinki ne kawai. Ki dubi uwarki, ki dubi gonar nan."

Baffa ba mugun mutum ba ne. Tsoro yake ji mana. Na wuni ina aiki ina juya maganar. Na leƙa Inna, na same ta tana jan carbi, kwalin ƙwayoyin Baba yana nan a kan taga inda ya bar shi. Na so in tambaye ta, na ga ba daidai ba ne in ɗora mata wannan a kan abin da take ciki.

Washegari ma'aikacin ya zo, wani mai matsakaicin shekaru, Malam Kabiru. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Baffa da Nasiru da Habibu suna zaune, ni ina daga bakin ƙofa. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, dole in tambaya. Me ya same shi?"

Baffa ya yi gyaran murya. Na dubi ƙasa. Geron nan na cikin kwarya ne ya faɗo min a rai, da hannun Baba yana juya shi. Na ce, "Yana da hawan jini, ya daɗe yana shan magani. Ranar ya faɗi a gona, bai tashi ba."

Baffa ya ce, "La haula," a hankali. Nasiru ya dafe kai.

Malam Kabiru ya gyaɗa kai kawai. "Haka ne. Ai shi ya faɗa min da bakinsa."

Baffa ya ɗago. "Ya faɗa maka?"

"Ƙwarai. Ba zan manta da shi ba. Na wuni a zauren mai unguwa, duk wanda ya shigo na ce kana da wani ciwo, sai ya ce lafiya lau, har da wanda aka riƙo. Shi ma da na tambaye shi ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai kuma ya ce, 'Tsaya. Gaisuwa kake yi ko tambaya?' Na ce tambaya ce, Baba. Ya ce, 'To in tambaya ce, ina da hawan jini,' ya ciro ƙwayoyin daga aljihu ya nuna min. Na ce masa za a ɗan ƙara masa abin da zai riƙa zubawa, kuma sai an ɗauki wani lokaci kafin alkawarin ya fara aiki. Ya ce a ƙara. Wai kuɗin mutane ne a asusun, ba zai shiga cikinsu da rufa-rufa ba. Lokacin kuma ya wuce tuni. Babu abin da zai hana a biya."

Habibu ya sa hula ya rufe fuskarsa.

Malam Kabiru ya juyo wajena. "Ke ce ta farin ko? Na gane tun ranar. Da na ce wa za a ba amanar, ya ce babbar 'yarsa. Na ce sunanta fa? Ya kawar da kai, ya yi ta murza gemu. Na ce, Baba, ko a kira wani ya faɗa? Ya ce a'a, amana ce, shi zai faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, 'Rakiya.' Ban ji sosai ba, na ce na'am? Sai ya ɗago ya ce, 'Rakiya Isiyaku. Ita ba ta tauye mudu.'"

Tun ranar rasuwar ban yi kuka irin na wannan lokacin ba. Na tashi na shiga ɗakin Inna na faɗa mata. Ta ce, "Ashe ya iya faɗa."

Kuɗin sun fito bayan arba'in. Ban taɓa ko kwabo ba, na kai gaban liman da dattawa, aka haɗa da ƙimar gona da sauran abin da ya bari, aka raba yadda shari'a ta ce. Nasiru ya karɓi nasa a kuɗi, ni da ƙanwata mai aure muka yi haka. Gonar ta zauna a hannun Inna da Habibu da ƙananan, ba a ja igiya a kanta ba. Mai bulo ya nemi wani wurin. Habibu ya fara kai taki.

Ranar nan da Malam Kabiru ya zo, da zai tafi, Baffa ya raka shi har bakin mota. Habibu ya ce ya ji shi yana cewa, "Malam, wannan amsar da muka bayar, ana iya gyara ta? Don ni ma ina da ɗan ciwon suga." Duk garin an san da sugan Baffa, shayinsa ma daban ake haɗa masa a wajen mai shayi. Aka ce masa ana iya gyarawa. Na ji bayan shi wasu ma sun je.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sauƙaƙa masa amsa tambaya, ka sa gaskiyar da ya riƙe ta zama haske a gare shi. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka raya ƙannena cikin rufin asiri, ka buɗa wa Nasiru, ka sa wa Habibu albarka a gonar da aka bar masa amana, ka saka wa Baffa da duk waɗanda suka tsaya mana. Ni kuma ina roƙon ka haɗa mu da shi a Aljanna, in ji da kunnena ya kira ni da sunan da ya raɗa min. Amin.