Tsagewar Bangon da Na Ɓoye

A lokacin ina aikin wucin gadi, ina kula da ɗakin gwaje-gwaje a tsohon ginin sashen noma na wata jami'a a nan Lafia. Kullum daga Akurba nake hawa acaɓa in je. Tsofaffin ma'aikata sun ce asalin ginin sito ne na ajiye riɗi, daga baya aka ɗora masa bene aka yanka azuzuwa.

Wata damina na ga bango ya tsage a bayan teburina. Na yi alama da fensir, bayan sati biyu na tarar tsagar ta wuce alamar, har yatsana yana shiga. Gabana ya faɗi. Amma na sha jin ana cewa in aka rufe ginin mu za a fara sallama, ga 'ya'ya uku ina riƙe da su. Sai na jawo kabad ɗin ajiye iri na rufe wurin. Wani dattijo mai shara ya gan ni, ya ce in gaya wa shugabanni, domin shi yana jin ginin na ƙara duk ranar da aka yi ruwa. Na ce masa to Baba, zan faɗa. Ban faɗa ba.

Ranar wata Laraba da azahar, ana tafka ruwa, ɗalibai sun cika ɗakin. Sai yashi ya fara zubo mana daga sama, kwalaben kan kanta suka soma karo da juna. Na ji ƙara kamar an karya ƙaton icce. Na ce su fita. Ƙofa ɗaya ce, kowa na turawa. Wata ɗaliba mai ciki ta faɗi, bulo ya sauko mata a ƙafa. Ni da dattijon muka ja ta waje.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, ta kuma haihu lafiya, amma har yau tana ɗingishi. Da masu bincike suka tambaye ni ko na taɓa ganin wata alama, na ce a'a. Dattijon na tsaye, bai tona ni ba, bai kuma sake gaishe ni ba. Ba a jima ba katafila ta rushe ginin, aka sallame mu.

Har yanzu in ruwa ya kama ni a ƙarƙashin bene sai na fita waje. Na gane tsoron rasa abinci ya kusa sa ni kashe 'ya'yan mutane. Don Allah, wanda ya ga haɗari a wurin aikinsa ya faɗa tun ranar, ko da shi za a kora.