Mai Irin Gero a Tashar Bama

A bayan tashar Bama, inda ruwan alwala yake gangarowa daga masallaci, wani dattijo yana tsugune. Dogo ne siriri, da tsagar Barebari a kumatu. Rigarsa ta koɗe, amma a wanke take. A hannunsa akwai ɗan ƙullin tsumma.

Duk motar da ta shigo, sai ya miƙe ya tambayi direba da Hausarsa mai nauyin Barbarci: "Ɗana, an koma noma a wajenmu?"

"Haba Baba Aisami, jiya ma ka tambaya! Ko akuya ba ta kwana a can."

Ba ya musu. Ya koma ya kwance ƙullin, ashe irin gero ne. Ina zaton irin nan kaɗai ya tsira da shi ranar da suka gudo daga ƙauye. Manomi ya san iri yana mutuwa idan ya daɗe a ƙulle, ga shi damina ta yi nisa.

Ya tona jiƙaƙƙiyar ƙasar da yatsa. Ya zuba ƙwaya uku, ya yi bismilla, ya rufe.

"Baba, nan fa ake juya mota," in ji direban. "Take shi za a yi."

"Na sani. Nawa binnewa ne. Tsirowa ta Allah ce."

Shekara ashirin ina karanta tarihin garuruwan da suka ɓace, ban taɓa ganin ɗaya a ƙulle cikin tsumma ba sai yau.

Wata mota ta kunno kai. Ya miƙe, ya tsaya tsakanin tayarta da ramin, sannan ya sake tambaya.